An yi wa mahaifina tiyatar ƙashin baya, amma kullum jikin sai ƙara rikicewa yake

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 71 ne, yana da ciwon sukari. Kwana 13 ke nan da aka yi masa tiyata a ƙashin baya, aka buɗa wa jijiyoyi hanya tsakanin gaɓoɓin ƙasan baya da ake kira L4 da L5, aka sa masa kusoshi. Tun da aka sallame mu yana kwance rigingine, ko ban-ɗaki ba ma barin ya je, domin an ce mana in ya motsa ƙarfen zai goce, ƙafafunsa su shanye. Yanzu sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, kwana biyar bai yi bayan gida ba, da daddare yana sambatu har ba ya gane mu, bandejin kuma yana jiƙewa. Wani ya ce a riƙa yi masa tausa a ƙafar, a sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saura sati huɗu mu koma ganin likita. Don Allah, aikin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke sha. Ki ajiye maganar ranar da aka rubuta a kati. Yau za ku mayar da shi asibitin da aka yi aikin, ta sashen gaggawa, ku nemi a kira likitocin da suka yi tiyatar. Wancan sati huɗun na majinyacin da komai ke tafiya daidai ne. In wani a bakin ƙofa ya ce ba ranarku ba ce, ki jero masa abu uku: ƙafa ɗaya ta kumbura, wurin ɗinki yana tsatsafa, hankalinsa yana gushewa. Babu mai korar ku in ya san aikinsa.

Ƙafar ce ta fi tayar mini da hankali. Tsohon da aka yi wa babbar tiyata, ya shafe kusan sati biyu a kwance, sannan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, gudan jini muke ɗauka yana da shi a jijiyar cikin tsoka har sai sikanin ya nuna ba haka ba. Gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, mutum ya kama haki da ciwon ƙirji nan take, wani ko asibiti ba a kaiwa da shi. Mai cewa a yi tausa bai san abin da yake shirin turawa ba. Kada a matsa ƙafar, kada a gasa ta, kuma kada ku ba shi asfirin ko wani maganin tsinka jini da kanku. Bayan tiyatar baya, irin wannan magani yana iya sa jini ya taru a kan jijiyoyin da aka buɗa wa hanya, shi ya sa likitan tiyata ne ke auna lokaci da adadinsa.

Ruwan da ke jiƙa bandeji, ki duba kamanninsa. In garau yake kamar ruwan sha, kuma Baba yana jin matsanancin ciwon kai in aka zaunar da shi, ya lafa in ya kwanta, to ruwan laka ne ke yoyo ta inda tantanin da ke lulluɓe jijiyoyi ya yage. In kuwa gurɓatacce ne, rawaya-rawaya, da wari, gefen ɗinkin ya yi ja, ciwon baya yana ƙaruwa maimakon raguwa, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma tsakanin sati na biyu da na huɗu suka fi bayyana. Zafin jiki da ya kai 38 alama ce, amma tsoho mai ciwon sukari yana iya kasancewa ɗauke da mugunya kusa da ƙarfe jikinsa bai yi zafi ba. Za a ɗebi ruwan a shuka shi a ɗakin gwaji, a auna CRP, wato gwajin jini da ke nuna kumburi a jiki, wataƙila a yi hoton MRI. In abin ya yi zurfi a koma ɗakin tiyata a wanke, galibi ba a cire kusoshin in an kama shi da wuri. Maganin da aka ce ku sayo zai ɓoye ƙwayar cutar a gwaji, bai kuma isa ya kashe ta ba, a ƙare ana lalube.

Sambatun dare ba tsufa ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Ruɗewa ce da ke samun tsofaffi in wani abu ya dami jiki: ƙwayoyin cuta a rauni ko fitsari ko huhu, ƙarancin iskar shaƙa, ƙishirwa, hawa ko faɗuwar sukari, cushewar ciki, mafitsarar da ta cika ta kasa juyewa, da magunguna irin su taramadol, kodin da firegabalin. Baba yana da fiye da ɗaya a cikinsu. Ki kuma bincika abu biyu tun kafin ku fita: yana jin taɓawa a matse-matsinsa da kewayen dubura in ana goge shi? Fitsari yana fita yadda ya saba, ko ɗiga yake yi bai sani ba, marar ta yi tauri? Mutuwar jiki a wannan wuri, da riƙewar fitsari, da sabon raunin ƙafa, suna nuna wani abu ya danne jijiyoyin ƙarshen laka. Wannan da awanni ake lissafa shi, jinkirin kwana ɗaya yana iya barin mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwarsa.

Sai kuma tushen yawancin wannan wahala, wato maganar nan ta "kada ya motsa". Babu ranar da ba ma cin karo da ita, kuma ta fi wuƙar tiyata cutar da tsofaffi. Kusoshin da aka sa wa Baba a cikin ƙashi aka murɗa su, aka haɗe su da sanduna biyu aka ɗaure. An sa su ne musamman don su riƙe gaɓoɓin nan biyu tun daga ranar farko, mutum ya tashi ya taka yayin da ƙashin ke haɗewa a hankali. Haɗewar tana ɗaukar wata uku zuwa shida, wani lokaci shekara. To wa zai kwanta rigingine wata shida ya tashi da rai da lafiya? Shi ya sa a yawancin irin wannan aiki ake tsayar da majinyaci a kan ƙafafunsa washegari, wani ma a ranar. Tafiya ba ta kwance kusa. Abin da ke sassauta ta shi ne ƙashi mai rauni, ƙwayoyin cuta, shan taba, sukarin da ba a kula da shi ba, da sunkuyo a ɗaga abu mai nauyi.

Gaskiya ne akwai lokacin da likita da kansa ke cewa a kwanta shame-shame, in tantanin laka ya yage aka ɗinke. Kwana ɗaya ne ko biyu, a gadon asibiti, da ma'aikata a kansa. Daga nan masu zuwa dubiya suka ɗauki maganar suka mayar da ita dokar kowa, kowa ya zo da labarin wani da "ya tashi da wuri ya shanye", babu wanda ya ga hoton ƙashin bayansa, babu wanda ya san me aka yi masa. Ga kuma abin da kwanciyar ke yi. Tsokar sha-raɓa ce ke tura jini daga ƙafa zuwa zuciya, in ta daina aiki jini ya tsaya ya daskare. Ƙasan huhu ba ya buɗewa sosai a kwance, majina ta taru, nimoniya ta biyo baya. Hanji ya rage motsi, ga taramadol yana ƙara ɗaure shi. Fatar ƙugu da dunduniya ta fara ja, ta zama gyambo, dab da wurin ɗinki. Naman cinya ya zube, kuma tsoho ba ya mayar da tsoka da sauri kamar yaro. Ranar da aka ce ya tashi sai ya kasa, a ce ai ga shi nan aiki ya lalace, alhali kwanciyar ce ta cinye shi. Ni ban zarge ku ba, tsoro da ƙauna suka sa ku. Amma duk mai ba da umarni a kan majinyacin da bai karanta takardar sallamarsa ba, ya ji tsoron Allah, rai yake wasa da shi. Mu ma ma'aikatan lafiya da namu laifin, in muka sallami tsoho da jakar magani ba mu zaunar da iyalinsa mun nuna musu yadda za su tashe shi ba.

Kada kuma ku karanta wannan ku miƙar da shi yau ku ce ya zaga gida. A fara duba ƙafar. Bayan likitoci sun ba da izini, likitan gashin ƙashi zai nuna muku tashi daga gado: ya lanƙwasa gwiwoyi, ya juya gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungumen icce, ya sauke ƙafafu, ya tura jikinsa sama da hannu. Ya ɗan zauna a bakin gado jiri ya wuce kafin ya miƙe, da mutum a gefensa. Tafiyar minti biyar sau da yawa a yini ta fi doguwa sau ɗaya. Zama kada ya wuce minti 20 zuwa 30 a lokaci guda, a kujera mai tsayi da maƙari. A sati shida na farko ba sunkuyo, ba murɗa baya, ba ɗaga abin da ya wuce kilo huɗu ko biyar. In yana gado a juya shi duk awa biyu, ya riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa, ya ja dogon numfashi sau goma duk awa. A nemi maganin laushin bayan gida, ya sha ruwa sosai. Ibufurofen da dikulofenak a tambaya tukuna, suna iya jinkirta haɗewar ƙashi su kuma taɓa ƙodar tsoho.

Ko aikin ya lalace? Babu abin da kika faɗa da ya nuna haka, hoto ne zai tabbatar da zaman kusoshin. Jijiyar da ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa lokaci guda: ciwon da ke sauka ƙafa ya kan fara lafawa, ƙarfi ya biyo baya, dindiris ɗin kuma shi ne na ƙarshe, yana iya kai wata da watanni, wani ba ya tafiya duka.

In za ku tafi, ki haɗa takardar sallama, hotunan da aka yi, duk magungunan da yake sha a kwalayensu, da awon sukarinsa na kwanakin nan. Kada a ba shi abinci a hanya, ko da za a buƙaci shiga ɗakin tiyata, amma ki auna sukarin kafin ku fita, ki kuma gaya musu lokacin da ya ci na ƙarshe da lokacin da ya sha maganin sukari. In haki ko ciwon ƙirji ya kama shi kafin ku isa, ku tsaya a asibiti mafi kusa.