Jita ta cikin fiyano: in sayi feda ko in canza fiyanon?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni makaɗi ne a Garwa, ni da abokina muke zuwa bukukuwa. Fiyanonmu Yamaha PSR-S670 ce, ta hannu muka saya. Na jona jitata ta lantarki a bayanta, sauti na fita amma siriri, kuma duk ekon da na murɗa ba ya taɓa jitar. Mai shago ya ce in sayi feda, wato 'yar na'urar nan da ke canza sautin jita, abokina kuwa ya ce mu sayar da fiyanon mu yi ciko.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Fiyanonku lafiyarta lau. Juya ta ka karanta abin da ke rubuce a kan ramin da ka soka kebul: AUX IN. An yi shi ne don wayar salula da irinta, kuma sautin da ya shiga nan wucewa yake zuwa sifika ba tare da ya bi ta injin da ke sa eko ba. Ko kwana za ka yi kana murɗawa, haka zai fito. Sirantar kuwa, jitar lantarki muryarta ba ƙarfi, sai ta samu ƙofar da aka yi dominta.

Akwai fiyanon da ke da wannan ƙofa. PSR-S770 da S970, waɗanda suka fito a 2015, da SX700 da SX900 na 2019, duk suna da ramin MIC/GUITAR INPUT, haka ma Korg Pa700. A kan na Yamaha, sai ka mayar da GAIN, wato abin murɗa ƙarfin sautin da ke shiga, ƙasa gaba ɗaya, ka tura ɗan makunnin zuwa GUITAR, ka jona, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali kana kaɗa tsirkiya har alamar ƙarfin sautin ta nuna kore. Daga nan ka zaɓa wa jitar gurnani ko eko a cikin miksan fiyanon, wato sashensa na haɗa sautuka. Sautin yana da daɗi, ba na musu.

Amma ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. Ramin nan guda ɗaya ne, jita da makirfo ke raba shi. Ka kwatanta daren biki, mata sun cika fili, mawaƙinku na son eko a muryarsa yana wasa amarya, kai ma kana son naka. Dole ɗaya ya haƙura. Kuma in za ka canza sauti a tsakiyar waƙa, hannuwanka biyu na kan jita, sai ka yi ta yi wa abokinka ido. Wannan wahala ce da ba na so ku saya da kuɗinku.

Ni dai feda zan ce ka saya, irin mai haɗa sautuka da yawa, kamar Zoom G1 Four. Da ƙafa ake taka ta, tana kwaikwayon amfilifaya, kuma batir AA huɗu na tashinta. Ka kai ta miksa kai tsaye; in babu miksa, ta shiga AUX IN ɗin nan da kebul mai ƙaramin kai. Eko kuma kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa kiɗan fiyano zai haɗiye jitar. Ranar saye ka tafi shagon da jitarka, ka taka kowane maɓalli, musamman in ta gwanjo ce.

Tambaya: Malam, daga Marwa nake. Da zarar mun tada janareta sai jitata ta kama gunji. In sayi sabuwa?

Amsa: A'a, malam, kada ka yi gaggawa. Fara da kebul, shi ne mai laifi sau da yawa: ka ari gajere mai kyau ka gwada. Ka nisanta shi da wayoyin wuta, ka goge ƙurar hunturu daga bakin ramin jitar. In kana da feda, gwada ta da batir maimakon caja. In gunjin ya ɗauke, caja mai kyau kawai za ka saya.