Tambaya da Amsa: Shin cimata ce ke sa ni saurin fushi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a babbar kasuwar Maradi, shekaruna 34. Da safe shayi kawai nake sha in hau keken ɗinki, ba na sa komai a baki sai bayan azahar, in ci shinkafa da mai da yaji in kora da lemun kwalba. Da dare muna zaman fada, ana dafa shayi har ƙarfe 11. Kwanan nan abu kaɗan ke tunzura ni, ina yi wa yaran shago tsawa, barci kuma ya ƙaurace mini. Mai ɗakina, wata huɗu da haihuwa, kullum a gajiye take, wani lokaci ta yi ta kuka ba dalili. Abinci na da hannu a wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana da hannu, kuma a naka lamarin hannun babba ne. Na mai ɗakinka daban ne, ya ma fi naka gaggawa, zan zo kansa.

Mu fara da safiyarka. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma galibi da sukarin da ke yawo cikin jini take aiki. Idan ka ci tuwon dare da ƙarfe 8, ba ka sake cin komai ba sai ƙarfe 2 na rana, awa 18 ke nan cikinka babu abinci na kirki. Jiki ba zai bar sukarin jini ya faɗi ƙasa warwas ba, sai ya saki sinadaran da yake saki lokacin tsoro ko faɗa, su tatso abin da hanta ta adana. Su ne ke kawo rawar hannu, bugun zuciya da ƙuncin rai. Ka ɗora musu shayi mai ƙarfi a ciki wayam, ka ga kuwa wajen ƙarfe 11 yaron da ya karkatar da ɗinkin wuyan riga zai sha faɗan da ya fi laifinsa.

Maganin nan ba shi da tsada. Ka karya kafin ƙarfe 9, kuma kada karin ya zama gari da sukari zalla. Koko shi kaɗai ba ya riƙe ciki. Haɗa shi da ƙosai huɗu ko biyar. Fura da nono, ɗumamen tuwo da miyar kuka, ɗanwake, burodi da ƙwai biyu, duk sun yi. Abin nema shi ne wake, ƙwai, nono ko gujiya su shiga, don su ke sa abinci ya narke a hankali. Ka kuma ajiye gujiya ko aya a aljihun teburin ɗinki, cikin tafin hannu ɗaya da hantsi ya isa.

Abincin ranarka ma yana da gyara. Farar shinkafa tuli da lemun kwalba suna ɗaga sukarin jini da sauri, ya sauko da sauri, sai kasala da hamma kafin la'asar. Lemun kwalba mai santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, giram 25 ma ya fi. Lissafa da sukarin da ake zubawa a butar shayi, za ka ga ka ninka. Ka mayar da ita shinkafa da wake, ka rage tulin, ka nemi kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuli-ƙuli a gefe, lemun kuma ruwa ya maye gurbinsa. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, ƙishirwa kaɗai kan kawo ciwon kai da gajeren haƙuri. Duba fitsarinka: idan ya yi duhu, ruwa ya yi maka kaɗan.

Yanzu shayin fada, wanda a ganina shi ne babban mai laifi. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemun ƙara kuzari yana daɗewa a jiki. Bayan kimanin awa 5, rabinsa na nan bai fita ba. Wanda ka sha ƙarfe 10 na dare, rabinsa na tare da kai ƙarfe 3, ga kiran asalatu ya kusa. Ko barcin ya zo, ba ya yin nauyi. Ka tashi a gajiye, ka nemi shayi mai ƙarfi don ka farfaɗo, shi kuma ya kashe maka sha'awar karin kumallo. Haka abin ke zagayawa kamar jakin da ke jan ruwa a rijiya. Rashin barci kuwa yana cikin abubuwan da suka fi saurin ɓata wa mutum rai.

Ba na ce ka bar fada ba. Zama da abokai shi kansa kariya ne ga lafiyar zuciya, wanda ya kaɗaice ya fi shiga damuwa. Lokacin shan za ka sauya. Ka tsayar da shayi awa 6 kafin kwanciya: idan ƙarfe 11 kake kwanciya, na bayan la'asar shi ne na ƙarshe. Kada ka yanke rana ɗaya, don ciwon kai zai kama ka cikin yini guda, ya iya kai mako, irin wanda mashaya shayi ke ji a farkon azumi. Makon farko ka bar zagayen farko na dare, shi ya fi ɗaci da ƙarfi, ka sha na uku kawai. Mako na biyu ka koma na'ana'a ko citta da kanumfari ba ganyen shayi. Idan kuma a fadar akwai masu jefa tramol cikin kofi, ka nisanci wannan kofin. Wannan ba zancen cima ba ne, hanyar farfaɗiya ce da jarabar ƙwaya.

Ka ba wannan tsarin mako huɗu. Akwai binciken da ke ƙarfafa gwiwa: a Ostireliya, a 2017, an wallafa gwajin da aka yi wa mutum 67 masu ciwon damuwa na tsawon mako 12. Cikin waɗanda aka gyara wa cima, kimanin kashi 32 cikin 100 sun samu sauƙi sosai, a cikin waɗanda ba a gyara wa ba kuwa kashi 8. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma yawancinsu suna kan magani ko ganin likita a lokacin. Abinci taimako ya yi, bai kore magani ba.

Batun mai ɗakinka. Mace mai shayarwa, wata huɗu da haihuwa, kullum a gajiye, abu na farko da za a duba shi ne ƙarancin jini. Ciki da haihuwa suna kwashe sinadarin ƙarfe daga jikin mace, zazzaɓin cizon sauro na damina da tsutsar ciki su ƙara. Alamunsa: jiri idan ta miƙe, haki a ɗan aiki, fari a cikin fatar ido da tafin hannu, wani lokaci kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara, ga rashin walwala. Ka kai ta cibiyar lafiya mafi kusa a auna jininta. Ga macen da ba ta da ciki, awo ƙasa da 12 ƙaranci ne. Idan an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, ciki na iya ɗaurewa. Ba illa ba ce, kada ta daina. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin maganin da zarar an ji dama, alhali ana ci gaba da shi wata uku ko yadda likita ya ce, don ma'ajiyar jiki ta cika.

A tukunya, hanta sau ɗaya a mako, kifin Madarunfa ko busasshe, fara a lokacinta, ƙwai, wake, da zogalen Jiratawa da ba ya yankewa a kasuwa. Ƙarfen da ke cikin ganye da wake ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama, sai an taimaka masa: a matsa lemun tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir, ko a sha kunun garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Abin da ke sa shi bauri yana riƙe ƙarfen a hanji ya hana shi shiga, don haka a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci ko ƙwayar jini da shayi. A kuma rage kanwa a girkin wake da ganye, tana kashe wasu bitamin. Jiƙa wake tun dare yana sa shi nuna ba tare da ita ba. Gishiri a sayi mai sinadarin aidin, a rufe shi a gwangwani, kada a bar shi a rana.

Amma kukan nan nata kada a jingina shi ga abinci kawai, kada kuma a ce shagwaɓa ce ko rashin godiya. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, kuma yana da magani. Ka zauna da ita cikin natsuwa ka tambaye ta. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu kusan kullum, ba ta jin daɗin abin da ta saba so, ba ta iya barci ko jaririn ya yi barci, ko tana ganin kanta ba ta da amfani, ku gaya wa ungozoma ko likita a ranar awon jinin, a faɗa musu ƙarara yadda ka rubuto mini. A samo wata daga dangi ta riƙa karɓar jaririn don ta samu barcin awa huɗu ko biyar a jere. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su. Idan kuwa ta furta cewa ta gaji da rayuwa, ko tana tsoron za ta cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Kai ma, idan mako huɗu suka cika barci da fushin ba su sassauta ba, ka je a auna maka hawan jini da sukari, ka kuma gaya wa likita halin da kake ciki.