Silindar haidirolik mai faɗin inci 4 za ta ɗaga bodin tirela irin na tifa?

Malam za ta ɗaga, amma in da kanka za ka haɗa jak ɗin almakashin (ƙarafan da silinda ke buɗewa kamar almakashi su ɗaga bodi) to ba girman silinda ne abin damuwa ba. A matsin mai na psi 3000 tana tura kusan tan 17, sai dai lokacin da bodi ke kwance almakashin a naɗe yake, yawancin ƙarfin gefe yake tafiya ba sama ba, nan ƙarfe ke lanƙwashewa. Fara gwada haɗa almakashin da katako tukuna, ka tabbata bodi ya kai digiri 45 in ba haka ba jiƙaƙƙen yashi ba zai zube ba. Ramukan fin da ke haɗa ƙarafan almakashin a huda su tare, kar ka ƙona da wutar walda. Kuma don Allah tokare bodin da ƙarfe kafin ka shiga ƙarƙashi, tiyon mai yana fashewa ba sallama.