Wa ya ba shi ajiyar tatsuniya?

Kishiyata, saƙonki ya iso. Kin ce kin yi wa 'yan ajinki tatsuniya, kin juya ta har Ƙoƙi ta yi wa Gizo wayo ta cinye naman, wani malami ya ce kin ɓata al'ada. Wai ko yana da gaskiya?

To wa ya ba shi ajiyarta? Tatsuniya ta tsakar gida ce, bayan an ci tuwon dare, kuma a bakin mata ta girma. Kakata tana ɓarar gyaɗa tana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", mu ce "Ta zo mu ji ta". Duk wanda ya yi rashin ji ranar, halinsa za ta ɗora wa Gizo, mu yi ta satar kallonsa. Ban taɓa jin ta faɗi labari ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Daga baya ne malamai suka rubuta da ajami, wani Bature, Frank Edgar, ya buga tsakanin 1911 da 1913. Abin da ke takarda faɗar mutum ɗaya ce.

In mulkin mace ne ya tsone masa ido, ya tuna Daura. Kafin Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu, mata ke sarauta. Da Bagwariya ta haifa masa ɗa aka sa Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta sa masa Bawo, wato a mayar da garin. Rikicin sarauta ke nan, mata biyu suka yi shi da sunan jarirai.

Sai dai ni ma ina da ƙorafi a kanki. Gizo makwaɗaici ne, maƙaryaci, dariya ake yi masa. In kika ba Ƙoƙi halinsa, Gizo ne kawai ya ɗaura zane.

In gyara kike so, ga labarin 'yar bora da 'yar mowa. Kullum kishiya ce muguwa, ita ke tura yarinya wanki Ruwan Bagaja. Maigidan fa? Yana zaure yana gyangyaɗi. Shi ya fifita ɗaya ya wulaƙanta ɗaya, amma ƙurunƙus ake yi ba wanda ya tambaye shi. Mu da muka yi zaman kishi mun lura, mun dai yi shiru. Ke ki fito da shi tsakar gida, ki ji abin da yaran za su ce. In kin zo hutu ki faɗa min.