Amsa ga Sani: kafin ka kafa taka ƙungiya, bi ta wani

Sani ɗana, ina gaishe ka, ka gaida mini mahaifiyarka da mutanen gida a Yamai. Saƙonka ya iso Tawa. Tambaya biyu ka haɗa. Ta farko, tunda gidanmu ba gidan makaɗa ba ne, ko al'ada ta yarda ka riƙe gitar. Ta biyu, ko dole ne sai ka bi wani ubangida kana ɗaukar masa kaya, alhali, in ji ka, su Bombino da Mdou Moctar da kansu suka tashi.

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan mai kalangu shi ke ɗaukar kalangu, wanda kuwa ya shigo ba da gado ba, haye ake ce masa. Wajen Abzinawa ma akwai rabo: tehardent, irin molonsu, ta maƙera ce, imzad, irin gogensu, da tende, gangar turmi, na mata. Gitar baƙuwa ce, babu gidan da zai ce tasa ce. Samarin da farin 1973 da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya su suka rungume ta, cikinsu aka samu Tinariwen a Tamanrasset a 1979. Saboda haka ba wanda zai ce ka ci masa gado. Abin da al'ada ke bin ka bashi shi ne yardar iyaye. Kada ka aika wa mahaifinka saƙo ta waya. Ka sami baffanka ya raka ka, ka zauna ƙasa, ka faɗi abu uku a fili: ba roƙo da zuga za ka yi ba, kiɗa ba zai hana ka salla ba, kuma ba za ka saki karatu ba. In ya yi shakka, ambata masa Almeida, shugaban Tal National na nan Yamai, wanda ya haɗa gitar da aikin alƙalanci.

Maganarka ta biyu kuwa, ba haka abin yake ba, kuma ita ce ta fi damuna. Bombino, wato Omara Moctar, an haife shi a 1980 a Tidene kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya kai iyalinsu Tamanrasset. A zaman gudun hijira ya fara taɓa gitar, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yatsunsu. Amma kallo bai maishe shi makaɗi ba sai da ya shiga ƙungiyar Haja Bebe yana ɗan yaro, shi ne ƙarami a cikinsu, nan ma ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi. Ya yi kiwo a Libiya, ya sake gudu Burkina Faso a 2007, faifansa mai suna Agadez bai fito ba sai 2011, sunansa kuma ya shiga takarar Grammy da faifan Deran na 2018. Ka ƙirga shekarun da ke tsakani.

Mdou kuwa namu ne na jihar Tawa, daga wajen Cintabaraden da Abalak. Gidansu na addini ne, ba su so ba. Ya ga Abdallah ag Oumbadougou na ƙungiyar Takrist Nakal yana wasa, abin ya shiga ransa, ya sassaƙa itace ya ɗaura wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Bahago ne. Makarantarsa ita ce filin buki. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran murya na kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa ke yi, ya bazu daga salula zuwa salula har Christopher Kirkley na kamfanin faifai Sahel Sounds ya ji ya biyo sawunsa. Daga 2008 zuwa 2021 da kamfanin Matador ya fitar masa da faifai, shekara 13 ke nan. Ka lura, kowanensu ya fara sha daga gida tukuna, daga tende da kiɗan takamba da kaset-kaset na magabata, kafin salon Turawa ya hau bisa.

To ga yadda bin ubangida yake. Sabon shiga shi ke riga kowa zuwa, ya sauke bafal, wato akwatunan sauti, ya shimfiɗa waya, ya yi tafi da amshi. Daga nan a ba shi gitar ta biyu, mai riƙe kari. Samari na raina wannan wuri, alhali nan ne ƙashin aikin. Za ka riƙe juyi guda minti goma ko fiye ba ka yi sauri ba, ba ka ja baya ba, kunnenka na kan mai ganga. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu idan fili ya yi zafi: mata sun shigo rawa, liƙi na zuba, hannu ya fara gaggawa, sai ƙafar masu rawa ta ruɗe. Maganinsa buga ƙafa a ƙasa da kallon hannun mai ganga. Kada ka tsallaka gaban shugaba da sarrafa yatsu sai ya ɗaga maka kai. Wannan ladabi ne, kuma shi ke hana sauti cakuɗewa.

Hannu: babban yatsa na bugun tsirkiya mai kauri ba tsayawa, manuni na zana waƙar a kan siraran, galibi cikin muryoyi biyar. Da yawa suna ɗaga mai kaurin daga muryar Mi zuwa ta Sol don ta riƙa gunji a ƙasa. Murɗa a hankali, in ka fizga tana iya tsinkewa. Siririyar Mi ita ta fi yankewa, ka riƙe biyu a aljihun jaka, ba a fafe gora ranar tafiya. Zufa na sa tsatsa, goge tsirkiyoyi shida da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. Kada ka bar gitar a rana ko bisa rufin mota, zafi na lanƙwasa wuyanta, tsirkiya ta yi nisa da itace, sautin ya daina daidaita. Lokacin hunturu ƙura na shiga mamurɗan sauti, shi ne ƙarar kar-kar da kake ji, don haka rufe kaya da zane in ba a aiki.

Wuta ita ke cinye dukiyar ƙungiya. Tada gurup, wato injin wuta, tukuna, bar shi ya daidaita, sa na'urar daidaita wuta a tsakani, sannan ka jona. Ampli, na'urar ƙara sauti, shi ne na ƙarshe wajen kunnawa, na farko wajen kashewa, sauti a sifiri. In isansi, wato fetur, ya kusa ƙarewa injin na shaƙewa, wuta ta hau ta sauka, nan ampli ke ƙonewa, saboda haka a duba tanki kafin a fara. Bafal su kasance gaban makirfo, in suna bayansa sai kuwwa. In tsirkiya ko makirfo na ɗan jan ka, tsaya nan take a duba waya, kada ka taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi.

Sai kuɗi, inda ƙungiyoyi da yawa ke watsewa. A al'ada shugaba ke ciniki da masu buki, shi ke karɓar kafin alƙalami. Liƙi mutum guda ke tattarawa a jaka guda, ko da a goshinka aka manna, na ƙungiya ne. A fidda kuɗin isansi da mota da hayar kaya, sauran a raba, shugaba ya ɗauki kaso mafi girma don kayan nasa ne, sunan ma nasa ne. Tambayi ƙa'idar rabo tun ranar shigarka, a gaban shaida, cikin ladabi. In jikka guda aka miƙa maka a farko, karɓa da hannu biyu. In kuma shekara ta zagayo ba a ƙara ba, yi magana da shi ku biyu, ba cikin taro ba.

Ranar da za ka tashi ka kafa taka, je gidansa da goro ka nemi sallama. Kada ka janye masa mai ganga, kada ka bi bayansa wajen masu bukin da ya saba yi wa wasa ka karya farashi. Shugaban da aka yi sallama da shi da kyau shi ke turo maka bukin da ya yi masa yawa, ya ara maka bafal ranar da taka ta mutu. Kafin ka zaɓi wanda za ka bi, halarci wasansa sau da dama, ka duba ko yaransa sun daɗe tare da shi, sannan ka aiko mini da sunansa in bincika.

Kawunka, daga Tawa.