Amsa kan abincin karnukan farauta

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce karnukanka biyu sun rame, kafin azahar sun gaji a daji suna neman inuwa, kuma ragowar tuwo da ƙanzo kake ba su, sannan wani ya ce maka ka riƙa hana su abinci kwana biyu kafin fita wai sun fi zuciya. Toh bari in faɗa maka abin da na sani, ni ma na daɗe ina kiwonsu a nan cikin gari.

Maganar horo da yunwa ɗin nan ka ajiye ta gefe dan Allah. Na san dattawa da yawa a harkar nan da suka yarda da ita, kuma ina girmama su, amma abin da ido ke gani daban ne, karen da ya kwana biyu bai ci ba zai tashi da zafi da sassafe kam, ya kori zomo ɗaya ko biyu kamar zai tashi sama, daga nan kuma shikenan ya ƙare, sai ka ga yana bin bayanka harshe a waje. Kuma shi ne wanda in ya kama gafiya ko kurege zai shige cikin sabara ya fara ci kafin ka iso. Ka san ma akwai hadisin Adiyyu bin Hatim a Bukhari da Muslim kan karen da ya ci daga abin da ya kama, hukuncin dai na bar wa malamai su yi bayani, amma ko ba komai ai asara ce ka yini a rana kare ya cinye rabin naman. Inda dattawan ke da gaskiya shi ne kada kare ya fita da ciki a cike. Wannan haka ne. Babban abincinsa ka ba shi da yamma ana gobe fita, da safe ruwa kawai, in ya dawo ka bar shi ya huce kamar awa ɗaya numfashinsa ya daidaita sannan ka ajiye masa kwano. Gudu da cikakken ciki yana sa amai, wani lokaci ma cikin ya kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kashe kare cikin 'yan awanni.

Yanzu asalin matsalarka tuwo ne. Ba wai tuwo ba shi da amfani ba, amma shi kaɗai cika ciki ne kawai. Kare mai doguwar tafiya da gudu maiƙo jikinsa ya fi ƙonawa, kuma giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, shi kuwa giram ɗaya na sitacin da ke cikin hatsi ko furotin da ke cikin tsokar nama wajen 4 ne, kaga kenan da ɗan kitse kaɗan ka ba shi ƙarfin da sai ya cika tumbi da tuwo zai samu. Abin da nake yi, ina zuwa abbatuwa ta Fagge da safe in samo huhu, tumbi, maƙogwaro, guntayen kitse da abin da mahauta ke sharewa daga kan teburi, ba su da tsada in ka saba da mutum ɗaya yana ajiye maka. In dafa su sosai, a cikin romon nan in tuƙa garin masara ko dawa ya yi kauri kamar fate, in akwai kabewa ko dankalin Hausa in yanka a ciki. Lokacin farauta kusan rabin kwanon nama ne da kitse, rabi hatsi. Ranar da ban samu zuwa ba sai kan kifi busasshe a daka shi lukwi, ko dafaffen ƙwai, ko a daka ƙuli-ƙuli marar yaji a zuba, da cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja. Hanta kuma kaɗan-kaɗan, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, in ta yi yawa zawo take sa su.

Ka lura na ce a dafa, wannan wajen nake so ka riƙe da kyau. Akwai huhu da hantar da za ka gani da wasu ƙuraje kamar ƙwai cike da ruwa, irin wanda ma'aikatan duba nama ke cewa a zubar, sai wani ya kwaso a banza ya watsa wa karnuka ɗanye yana murna ya samu araha. Ƙwayayen tsutsar ciki ne a ciki, su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fito a kashinsa, daga nan ya koma kan tumaki da awakin gida har da yaran da ke wasa a tsakar gida, a jikin mutum kuma a hanta ya fi zama. Haka hanjin zomo da muke jefa musu a daji a matsayin lada, shi ma yana ɗauke da tasa tsutsar. In za ka ba shi rabonsa, kuma ya kamata ka ba shi don yana ƙara masa himma, ka babbake shi a wuta tukuna. Ni ma ina zargin ramar karnukan naka ba abinci kaɗai ba ne, in kare yana ci yana ramewa, gashinsa ya tashi ya dushe, duba dasashinsa, in ya yi fari-fari to tsutsa ko kaska na shan jininsa. Maganin tsutsa duk wata uku, a wajen likitan dabbobi wanda zai auna da nauyinsa, ka haɗa da allurar haukan kare ta shekara-shekara tunda suna cuɗanya da dila da sauran namun daji.

Ragowar abincin gida kuma a kula. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin kare a hankali, ga gishiri da magi da barkono. Masu cewa a ba ɗan kwikwiyo barkono ya yi zafin rai, wlh azaba ce kawai. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji, in za ka ba shi ƙashi ka nemi babban na saniya wanda zai gwagwiya ba zai iya haɗiyewa ba. Sannan in ka je Dawanau kar araha ta ja ka ka sayi masara ko gyaɗar da ta yi funfuna ka ce ai na kare ne, gubar funfunar nan hanta take ci kuma dahuwa ba ta kashe ta. Dusa ma ban cika son ta ba, ta awaki ce, kare kashi kawai yake yi da ita.

Ruwa kuwa shi ne abin da 'yan farautarmu suka fi sakaci da shi. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma hakin nan ruwan jikinsa yake ci. Kare mai kilo 20 ko yana kwance a gida yana buƙatar fiye da lita ɗaya a rana, balle a zafin Maris da Afrilu yana gudu a fako. Ka ɗauki jarka daban dominsu, ka riƙa ba su kaɗan-kaɗan duk sanda aka tsaya, kar ka jira sai sun je sun afka wani ruɓaɓɓen kududdufi. In ka ga ɗaya yana tangaɗi, yawu ya yi kauri, harshe ya yi ja wur, farautarsa ta ƙare ranar, kai shi inuwa ka jiƙa masa ciki da ƙafafu.

Kar kuma ka canza musu abinci dare ɗaya don ka karanta wannan, kitse da yawa lokaci guda zai ɓata musu ciki. Ka riƙa ƙarawa a hankali cikin sati guda, kuma a ƙa'ida tun ana girbi ake fara gina kare, kamar wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a fara fita, ba ana gobe ba. Da damina in suna zaune sai ka rage maiƙon kar su yi teɓa. Yadda za ka gane ka daidaita, shafa gefen ƙirjinsa, ya zama kana jin haƙarƙari a hannu amma ba ka ƙirga su daga nesa ba. Ban sani ba ko akwai karya a cikin biyun, in akwai kuma tana shayarwa to abincinta sai ya ninka biyu ko ma uku, kuma kar ka fita da ita sai ta yaye. Ka turo hotonsu daga gefe da kuma ta sama in gani, ka faɗa min shekarunsu.