Yarona ya ƙi kwana a katifarsa, in ci gaba da ba shi siro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, daga Garwa nake rubuto miki. Yarona shekara 2 da wata 4, na yaye shi tun azumi, yanzu ina da ciki wata bakwai kuma har yau a jikina yake kwana, ina ɗauke shi na kai shi katifarsa sai ihu har maƙwabta su ji. Wata maƙwabciyata tace in sayo siron mura wajen mai tebur in ba shi cokali ɗaya bayan isha'i, na ba shi dare biyu, gaskiya yayi barci sosai amma da safe sai naga jikinsa a mace, ko abinci bai ci ba. Hankalina bai kwanta ba. In ci gaba har ya saba ko yaya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Kar ki sake ba shi, ko rabin cokali, daga daren yau. Rashin kwanciyar hankalin nan da kika ji shine daidai, ki bi shi.

Bari in tsaya a kan siron nan tukunna dan wallahi shine abin da ya fi ci min rai a wannan aiki, kusan kullum sai na haɗu da shi. Abin da kika gani ba barci bane, bugarwa ce. Siron mura da tari da dama akwai chlorpheniramine a ciki, ko promethazine wanda mutane suka fi sani da Phenergan, su ne ke saukar da yaro, kuma ba ido kaɗai suke rufewa ba, har numfashi suna iya dannewa. Promethazine an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda an samu yaran da numfashinsu ya tsaya, naki kuwa wata huɗu kacal ya ɗora a kan biyun. Wani siron tarin kuma codeine ne a ciki, wanda ba a ba yaro ƙasa da shekara 12. Mai tebur bai san wannan ba kuma ba ruwansa, kwalba ta wuni a rana a zafin Garwa, takardar jikinta ta koɗe, shi dai ya miƙo miki ya karɓi sefarsa yace cokali ɗaya. Wane cokali? Na shayi ko na miya? Mu da nauyin yaro muke auna magani, shi da ido yake aunawa.

Kuma ba labarin nesa nake miki ba. A 2023 nan Kamaru aka rasa yara bayan sun sha wani siron mura mai suna Naturcold, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Yuli na shekarar, an samu gubar diethylene glycol a ciki, mai kashe ƙoda. Shekara ɗaya kafin nan a Gambiya yara kusan 70 suka tafi ta irin wannan hanya. Waɗannan fa marasa lafiya ne aka ba su dan su warke, to ina ga yaro lafiyayye da ake ɗura masa dan kawai yayi shiru?

Abin da ya fi tsorata ni ma wani ne daban. Wata damina an kawo min wani yaro wajen ƙarfe goma na safe a kafaɗar kakarsa, wuya ya saki, na ɗaga fatar idonsa ƙasa fari fat. Uwar tace tun asuba bai tashi ba amma bata damu ba dan ta saba in ta ba shi siro haka yake kaiwa hantsi. Ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai cikin dare, ita tana ganin magani ne ke aiki. Allah ya taimaka ya tashi bayan kwanaki da ƙarin jini, amma awannin da aka ɓata siron ne ya cinye su. Yaron da aka saba bugar da shi, ranar da ciwo ya kwantar da shi ba mai ganewa. Sannan wasu yaran maimakon su kwanta sai maganin ya birkita su, kuka da zabura da fizge-fizge, sai a ce ai bai isa bane a ƙara cokali, ko a ce iska ce a tafi neman hayaƙi. Ni ban ga laifin uwar da ta gaji ba, ciki wata bakwai ga yaro yana harbin ki cikin dare, na san abin ba sauƙi. Laifin na masu sayarwa ne da masu yaɗa shawarar a gidan suna da gidan biki kamar wata dabara ta kirki. Ɗa amana ce, kuma ranar da abin ya ɓaci maƙwabciyar nan ba ita zata kwana a benci a asibiti ba.

To batun katifa. Yaronki ba shi da wata cuta, an cire shi a nono, yana ganin cikinki yana girma, abin da ya rage masa jikinki ne shi yasa ya riƙe. Kuma ba wani wajibi aka ɗora miki yanzu ba, raba shimfiɗa da hadisi ya ambata a shekara goma ne. Amma tunda haihuwa na tafe gara ki fara yanzu, kar ki bari sai jariri ya zo ki ture shi a daren, nan ne zai ɗauka ƙaninsa ya ƙwace masa wuri.

Ki jawo katifarsa ta manne da gadonki, inda hannunki zai kai gare shi, ba wani ɗaki ba. Ki ɗaura mata gidan sauro nata mai magani ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, dan da yawa suna raba yaro da gado su manta sun raba shi da gidan sauro ma, ga mu a bakin kogin Binuwai. Kullum abu ɗaya a lokaci ɗaya, wanka bayan magariba, abinci, ki yi masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafa masa, ki shimfiɗa masa zaninki da kika ɗaura ranar dan ya ji ƙanshinki, ki zauna gefe kina bubbuga bayansa har ya tafi. A katifar zai yi barcin, ba a jikinki sannan ki ɗauke shi ba, dan in ya farka yaga ba inda ya kwanta bane dole yayi ihu. In ya hayo gado cikin dare ki maida shi ba faɗa ba dogon lallashi, ko sau biyar ne. Dararen farko zai yi kuka, ki gaya wa maigida tun da wuri ya daure, in ma zai karɓe ki wani daren ya fi.

Yaro a shekarunsa yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 cikin awa 24 har da na rana, to in ya kwanta bayan la'asar ya tashi gab da magariba kar ki sa ran ido zai rufu da wuri, ki maida barcin ranar bayan azahar. Shayin da baba ke kurɓa masa da dare a daina, waya ma a ɗauke ta tun magariba.

In kin lura yana munshari ko numfashi na yankewa, ko yana sosa duburarsa da dare, ko yana jan kunne, ko jiki da zafi, wannan ki kawo shi a duba. In kuma har yanzu siron bai sake shi ba kar ki jira gobe, ki kai shi asibiti yau, ki tafi da kwalbar a hannunki mu ga abin da ke cikinta.